Barikin Ladi, Rayfield, Mai Idon Toro: wa ya raɗa wa garuruwan kuza suna?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata a kan Barikin Ladi ce. Garin yana kusan kilomita 50 kudu da Jos a kan hanyar Mangu, a tsakiyar ƙasar Berom. Gundumomin ƙaramar hukumar su ne Fan, Foron, Gashish, Heipang da Ropp, ba mai sunan Hausa a cikinsu, amma shi hedikwatar sunansa Hausa ne tsantsa. Labari biyu ke yawo a bakin mutane. Wasu sun ce wata mata ce mai suna Ladi da ke sayar wa leburorin kuza abinci, wasu sun ce kasuwar ranar Lahadi ce. Wanne ya fi ƙarfin hujja? Masana a taimaka.

Injiniyan Kuza:
Wa alaikumus salam Ɗan Gangare. Kafin a kai ga Ladi a fara da barikin, don in ba a san yadda bariki ke tsirowa ba, gardamar sunan za ta yi ta zagaye ne kawai.

Ba Turawa suka gano kuza ba. Mutanen Riruwai sun daɗe suna wanke ta a rafuka, su narka, su zuba ta siri-siri su kai kasuwa. Ƙarfen nan da ke yawo a kasuwanni shi ya ja hankalin Kamfanin Neja ya turo mutanensa a 1902 su bi sawu, sannan tsakanin 1903 da 1904 H. W. Laws ya iso ya kafa sansani a Naraguta. Zuwa wajen 1910 labari ya game kasuwar hannun jari ta Landan, kamfanoni suka yi ca a kan tsaunin nan.

Ga yadda kamfani ke shiga wuri. Da farko ya karɓi lasisin bincike a kan wani yanki. Sai ya jera ramukan gwaji layi-layi a cikin kwarin rafi, ko da hannu ko da na'urar Banka, wato bututun ƙarfe da ƙarti ke juyawa yana nutsewa ana yaso abin da ke cikinsa. Kowane rami a wanke ƙasarsa daban a ƙwarya, a auna, a rubuta fam nawa na kuza yadi ɗaya na ƙasa ya bayar. In lissafi ya fita sai a nemi hayar haƙa, wadda aka saba bayarwa ta shekara 21, safiyo ya zo ya kafa turaku a kusurwoyi, a ba filin lamba.

Daga nan ruwa ne matsala. Kuza ta fi yashi nauyi kusan ninki biyu da rabi, kuma da wannan bambancin nauyi kaɗai ake raba su: a zuba ƙasa a dogon akwatin wanki, ruwa ya kwashe yashi da laka, baƙar kuza ta kwanta a ƙasa. In ruwan ya yi ƙarfi ya tafi da kuza mai laushi, in ya yi sanyi yashi ya toshe akwatin. Da rani kuwa rafukan Filato ƙafewa suke, shi ya sa kamfanoni suka yi ta gina madatsai suna jan lambatu mai nisan mil da yawa a gefen tudu. Saboda haka bukkokin leburori ba inda ƙasar noma ke da kyau ake kafa su ba, ba kuma bisa duwatsun da mutanen ƙasa ke zaune ba. Kusa da rami da ruwa ake kafa su, inda lebura zai iso bakin aiki da sassafe.

To wannan fili a takarda lamba gare shi. Lebura kuwa ba zai ce wa ɗan'uwansa "ina aiki a lamba kaza" ba. Dole ya kira wurin da wani abu, kuma harshen da Bahaushe da Babarbare da Banufe da Batibi da ɗan Berom ke haɗuwa a kansa a bakin rami shi ne Hausa.

Malamar Tarihi:
Injiniya ya share fage. Ni ina bayan labarin mace, kuma hujjata tsarin suna ce, ba daɗin labari ba.

Duba yadda Bahaushe ke sa wa gari sunan ranar kasuwa: Talatar Mafara, Ladin Makole, Larabar Abasawa. Ranar ce ke zuwa a gaba, sannan wurin ya biyo. Yanzu duba sunayen da suka fara da bariki: Barikin Sale a Minna, Barikin Abdullahi a hanyar Lafiya. Abin da ke bin bariki sunan mutum ne, wanda ya kafa wurin ko wanda aka san wurin da shi. Da kasuwar Lahadi ce ta haifi sunan, abin da kunne zai sa ran ji shi ne Ladin Ropp ko makamancinsa. Ladi kuma sunan rana ne na mace da aka haifa ran Lahadi, ba baƙon suna ba ne.

Kada kuma a raina matsayin mace a bariki. Lebura gwauro ne, ko ɗan cirani da ya baro iyali a Zariya ko Katsina ko Barno. Ba shi da murhu. Mai tuwo ita ke ciyar da shi bashi daga Litinin zuwa ranar biya, ita ke riƙe masa ajiya, a rumfarta sabon zuwa ke tambayar wane heluma, wato shugaban leburori, ke ɗaukar aiki. Manyan barikoki suna da sarkin bariki, da sarkin pawa, da magajiya mai kula da sha'anin mata. A irin wannan zama, mace ta yi suna har a kira wuri da ita ba abin mamaki ba ne.

Alhaji Mai Dankali:
Malama, da girmamawa, ban yarda an rufe maganar ba. Ai muna cewa Kasuwar Ladi, muna cewa Kasuwar Laraba, ranar ta zo a baya kuma ba wanda ya ce an karya nahawu. Me zai hana Barikin Ladi ya zama barikin da ake zuwa ran Ladi? Ana biyan leburori ran Asabar, Lahadi ba aiki, kuɗi na aljihu. Duk mai hatsi da mai goro da mai tufafi ya san ranar da zai kasa kaya.

Malamar Tarihi:
Ranka ya daɗe Alhaji, hujjarka ce ke cin kanta. In kowane bariki ran Asabar ake biya, ran Lahadi ake ciniki, to Lahadi ba ta bambanta wani bariki da wani ba. Suna kuwa don bambantawa ake sa shi.

Alhaji Mai Dankali:
Sai dai in kasuwa ɗaya ce babba ke ɗaukar ƙananan barikoki goma da ke kewaye. Ƙaramin sansani mai bukka talatin ba ya cin kasuwa, sai dai tireda. Mutanensa tattaki suke yi zuwa inda hanya ta ratsa. Garin nan kuwa a bakin babbar hanyar Pankshin yake, tsakiyar filayen kuza na Ropp. Ban ce ke ba ki da gaskiya ba, na ce ƙofar ba ta rufu ba.

Maman Kaneng:
Sannunku da muhawara. Kuna ta ja a kan Ladi kamar wurin ba shi da suna kafin ta zo. Berom na kiran wurin Gwol, kuma ba a daina ba, za ka ji shi a bakin dattawa, ka gan shi a allunan coci da na ƙungiyoyi. Filin da Bature ya gani ya ɗauka daji ne, gonar wani gida ce da aka bari ta huta. Noman acca haka yake, a noma shekaru a bar ƙasa ta farfaɗo. Mutane kuma a gindin duwatsu suke zama cikin shingen ƙerana saboda tsaro, gonaki na can fili. Wanda ya zo da rani ya ga ba gida ba shuka, sai ya rubuta ba kowa. Amma kowane rafi, kowane tudu, kowace fadama da sunanta da mai ita.

Shi ya sa nake cewa sunaye a nan hawa uku ne. Na ƙasa, na bariki, da na kamfani. Bukuru ma a ƙasar Gyel take. Tambayar da ta fi Ladi muhimmanci ita ce me ya sa a wani wuri na ƙasa ya hau taswira, a wani wuri kuma na bariki ya danne shi.

Injiniyan Kuza:
Ngo, wato Maman Kaneng, ta taɓo wurin da ya kamata. Kuma aron sunan ta fuska biyu ya tafi.

Akwai kamfanonin da suka ari sunan ƙasa suka kai Landan: Naraguta, Ropp, Bisichi, har da Jos kanta, duk an yi kamfanonin kuza da waɗannan sunaye. Kamfanin Bisichi an kafa shi a 1910, kuma sunan ya rayu bayan kuzar ta ƙare, har ya koma haƙar kwal a Afirka ta Kudu yana amsa sunan ƙauyen Filato.

Akwai kuma inda kamfani ya bar wa ƙasa sunansa. Rayfield, inda gidan gwamnati yake yau, sunan kamfanin kuza ne. Unguwar Gold and Base guntun sunan kamfanin Gold and Base Metal Mines ne. Exland da ke Gashish daga kamfanin Ex-Lands ya fito. Anglo-Jos ma daga kamfanonin da sunansu ya fara da Anglo ne. Irin waɗannan wurare galibi inda Turawan kamfani da akawunsu suka zauna ne, da ofis da sito da allo a bakin ƙofa. Inda leburori suka zauna kuwa sai ka ji Sabon Gidan Kanar, Dorowa, Gindin Akwati, Sabon Barki, Mai Idon Toro. Wannan na ƙarshe duk Bahaushe ya ji ya san laƙabin mutum ne, irin wanda ma'aikata ke laƙa wa na sama da su a bayan idonsa. Abin dariya, masu binciken kayan tarihi sun tono kayan aikin dutse na mutanen farko a wurin, sai ga laƙabin bakin rami ya shiga littattafan ilimi na duniya.

Maman Kaneng:
Injiniya, ka manta ka faɗi inda na ƙasa ya tsira. Vom, Kuru, Heipang, Zawan, Foron, Du. A waɗannan wuraren hukuma ce ta zo ta zauna a kan sunan da ta tarar. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta koma Vom a 1924, ba ta sake wa wurin suna ba. Inda aka yi mu'amala da dagaci don haraji, sunan ƙauye ne ke shiga littafi. Inda aka yi mu'amala da heluma don lebura, sunan bariki ne.

Baban Dogo:
Ku bar ni in sa baki da maganar jirgi, don tasha ta fi kowa iya kafe suna. Da zarar an buga suna a tikiti da jadawalin jirgi da takardar kaya, to ya zauna.

Kafin jirgi, a ka ake ɗaukar kuza daga nan zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar wajen mil 200, sannan a zuba a jirgin ruwa. Alaro ɗaya abin da ya kai fam 60 yake ɗauka. Lissafa mutum nawa ake bukata don tan ɗaya, da abincinsu na hanya, za ka gane me ya sa kamfanoni suka matsa wa gwamnati lamba. Sai aka ja ƙaramin dogo daga Zariya ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama da Jengre. Ya kai Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, babban dogon Legas zuwa Kano kuwa ƙafa 3 da inci 6. Wannan bambancin ƙafa ɗaya shi ne ciwon kan layin: tarago ba ya iya wucewa daga wannan zuwa wancan, dole kowane buhu a sauke shi a Zariya a sake lodi. Injuna da manyan bututu masu zuwa daga teku ma haka. A 1927 babban dogo ya hauro daga Kafanchan ya shigo Bukuru da Jos, kuza ta koma bin Fatakwal, ƙaramin layin ya yi ta ja da baya har aka rufe shi a 1957.

Kafanchan kanta misali ce. Ƙasar Fantswam ce, mahaɗar jirgi ta mai da wurin gari, har fadar Sarkin Jama'a ta taso ta dawo nan a farkon shekarun 1930. A cikin Jos kuma, Taminus da kowa ke faɗa ba komai ba ne illa ƙarshen layin jirgi.

Barikin Ladi kuwa garin mota ne, ba na tasha ba. Saboda haka mai neman tsohon rubutun sunansa kada ya ɓata lokaci a takardun reluwe, ya nufi na ma'adinai da na haraji.

Malam Safiyo:
Baba ya kawo mu inda nake jira. Mai son ya warware wannan magana ya fara da tara duk yadda aka taɓa rubuta sunan. Za ka tarar da Barakin Ladi, Barikin Ladi, Barkin Ladi, wani lokaci a haɗe, wani lokaci da karan ɗori a tsakani. In ka nemi rubutu ɗaya kawai, rabin takardun sun wuce ka. Dalili kuwa masu rubutun da kunne suke rubutawa: Bature ya ji daga tafinta, ko akawu ɗan Kudu ko ɗan Saliyo ya ji daga lebura. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka shigo boko, kuma tafiretar ofis ba ta da su. Haka Dilimi za ka gan ta Delimi.

Sunayen ƙabilu ma haka. Tafintocin Turawa Hausawa ne, don haka sunan da Bahaushe ke kiran mutane shi ya shiga fayil. Nemi Birom ba Berom ba, Jarawa ba Afizere ba, Sura ba Mwaghavul ba, Angas ba Ngas ba, Yergam ba Tarok ba, Ankwe ba Goemai ba.

Sai taswira. Takardar da ta ƙunshi Jos har gobe sunanta Naraguta, lamba 168, don Naraguta ce mazaunin hukuma kafin Jos ta shafe ta. Barikin Ladi na can kusurwarta ta kudu maso gabas, dab da iyaka da takardar Kurra mai lamba 189, saboda haka ƙauyukan da ke kudu da garin sai ka haɗa biyun. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne ɗaukar shekarar da aka buga taswira a matsayin shekarar da aka auna ƙasa. Karanta ƙananan rubutun da ke gindin takardar. Za ka ga shekarar ɗaukar hoto daga sama daban, shekarar bin ƙasa a tabbatar da sunaye daban, shekarar sake bugu daban. Taswira na iya nuna barikin da ya watse shekara goma kafin a buga ta, ta kuma rasa wanda ya kafu jiya.

Abin da ya fi taswirar gwamnati amfani shi ne zanen filin haya da safiyon kamfani ya yi. Yana da kwanan wata, da lambar haya, da rafin da ke kusa, sau da yawa har da inda bukkoki suke. In ka jera zanen filayen Ropp bisa shekaru, wanda sunan Ladi ya fara bayyana a kansa ya ba ka iyaka: sunan ya girmi wannan ranar. Bai ba ka ranar haihuwarsa ba, don suna kan daɗe a baki kafin alƙalami ya kama shi.

Malamar Tarihi:
In ƙara a kan na Malam Safiyo. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, fayilolin lardin nan suna ƙarƙashin JosProf. Amma Lardin Filato sai 1926 aka yanke shi daga Bauchi da Muri da Nasarawa. Shekarun da barikokin farko suka kafu, yankin nan Lardin Bauchi ne. Wanda ya tsaya a fayilolin Jos kaɗai zai iya rasa shekaru ashirin na farko, waɗanda su ne ake nema. A duba na Bauchi, a duba na ofishin Sakataren Arewa.

Takardar da na fi so a wannan aiki ita ce rahoton kimanta haraji. Di'o kan zaga gunduma ya ƙirga mazaje baligai ƙauye-ƙauye, baƙi kuma a ƙirga su daban, bariki-bariki, da sunan shugaban kowanne. In wata mata ta yi ƙarfin da za a kira wuri da ita, akwai yiwuwar ta ratsa ta wani wuri: jerin masu biyan haraji, ƙarar bashi a kotun alƙali, ko takardar izinin sana'a. In kuma kasuwa ce, rahotannin kan lissafa kasuwannin gunduma da ranakun cinsu. Kowane ɓangare na da inda zai je ya nemo shedarsa. Rajistar baftisma ta mishan da littattafan asibitin kamfani su ma suna rubuta inda mutum ya fito.

Jin ta bakin dattawa kuma yana da ƙa'ida. Kada a tara su wuri ɗaya, don wanda ya fi girma zai faɗa sauran su gyaɗa kai. Kada ka ce "Baba, gaskiya ne wata Ladi ce ta kafa garin nan?" Ka riga ka sa masa amsa a baki. Ka ce "yaya ake kiran nan kuna yara, wa ya fara zama a layin nan, ina kasuwa take kafin ta dawo inda take?" A tambayi tsofaffin Hausawa, a tambayi na Berom da harshensu, a tambayi Fulanin da suka yi kiwo a wajen, da jikokin Ibo da Yarbawa da Urhobo da suka yi aikin kamfani. In an ce Ladi mutum ce, a nemi 'yar ina ce, ina gidanta yake, wa ta aura, ina kabarinta. Labarin da ke da tushe yakan zo da irin waɗannan ƙananan abubuwa, kuma bakuna daban-daban su dace a kansu. Wanda aka ƙaga don a fassara suna ba ya wuce jimla ɗaya.

Ɗan Gangare:
Madalla. To Jos fa? Na ga ana yaɗa cewa haruffan farko ne na wata jimlar Turanci ta 'yan mishan.

Malamar Tarihi:
Wannan irin labarin jimla ɗaya ne da na faɗa. Masu kuza da hukuma ne suka fara rubuta sunan, kuma ba al'adarsu ba ce su ƙera wa gari suna daga haruffa. Bayanan da ake ɗauka da muhimmanci duk daga harsunan ƙasar suke: Afizere na danganta shi da ƙauyen Gwash, Berom na danganta shi da Jot, wato idon ruwa, bakin Bahaushe kuma ya mai da shi Jas.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a tsaya a nan kan batun Jos. Mun san inda maganar ke zarcewa, kuma an zubar da jini a kanta. Tarihin suna muke yi, ba shari'ar mallakar gari ba. Duk wanda ya karkata can zan goge.

Na Suleja:
An ji, shugaba. Gargaɗi ɗaya ga masu shiga tsofaffin takardu daga mu nan ƙasa. Duk inda kuka ga Abuja a fayil ɗin zamanin Turawa, ba birnin tarayya ake nufi ba, Suleja ce. Garin Abu Ja ne na sarakunan Zazzau da suka baro Zariya bayan jihadi. Da aka yi dokar sabon babban birni a 1976 sai aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. An haƙi kuza a ƙasar Abuja ta da ma, don haka mai bin kamfanonin kuza zai ci karo da sunan, kada ya ɗora shi a kan Garki ko Wuse.

Injiniyan Kuza:
Akwai abin da ba a taɓo ba: me ya sa Barikin Ladi ya zama gari alhali ɗaruruwan barikoki sun koma kufai?

Bariki da farashin kuza yake numfashi. A 1931 ƙasashe masu kuza suka yi yarjejeniyar rage haƙa saboda faɗuwar kasuwa, aka sallami leburori, sansanoni da yawa suka mutu. Ƙananan kamfanoni suka yi ta narkewa cikin manya, har aka samu babban kamfanin haɗaka na ATMN a 1939. Sai Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, aka juyo kan Filato. Nan aka yi diban gwamna: daga 1942 zuwa 1944 En'e-En'e na lardunan Arewa suna tara mutane ala tilas ana turo su. An kawo mutanen ƙasa mai zafi tudun da ya haura mita 1,200, ba bargo, ba isasshen abinci, bukkoki a cushe, mutane da yawa suka mutu, wasu suka gudu. A 1943 aka fitar da abin da ya haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Shekarun 1950 kuma kwalambait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza, ta yi tsada saboda Amurka na tarawa, aka koma kan tsofaffin tulin yashi da aka zubar ana sake tacewa da injin maganaɗisu, don ita maganaɗisu na ɗan jan ta, kuza kuwa ba ya ja. Barikokin da suka mutu wasu suka farfaɗo, wani lokaci da sabon suna. Wannan ma tarko ne ga mai bincike: wuri ɗaya, suna biyu, shekaru ashirin tsakani.

Kuzar sama-sama ta ƙare, ta ƙasa tana ƙarƙashin dutse mai tsadar fasawa, sannan kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Sansanin da ba shi da komai sai rami ya watse, ya bar kududdufi da tulin jar ƙasa. Wanda ya tsira shi ne mai ƙafa ta biyu. Bukuru na da tasha, ga masana'antar narka kuza ta Makeri a kusa tun farkon shekarun 1960, ta kuma zama hedikwatar Jos ta Kudu a 1991. Barikin Ladi na da babbar hanya da kasuwa, ya samu hedikwatar ƙaramar hukuma a 1976. Daga ranar da suna ya hau hatimin ƙaramar hukuma, ya shiga takardar haihuwa da katin zaɓe, sauya shi ya zama aikin majalisa.

Alhaji Mai Dankali:
Injiniya ka ce kasuwa da bakinka. Kuma yau ba kuza ke riƙe da yankin ba, dankalin Turawa ne da kabeji da masara. Har kududdufan da kamfani ya bari da su ake ban-ruwan noman rani.

Maman Kaneng:
Da su ake ban-ruwa, su ne kuma ke cin yara da shanu, Alhaji. Bakinsu a tsaye yake, ba gangare, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Masu loto, wato masu haƙar kuza da hannu, su ma har yau suna bin tsofaffin filayen, rami mai faɗin da bai wuce mutum ɗaya ba, a sauka har tsakuwar kuza sannan a yi ta rarake gefe ba tokari. Da damina ƙasar ta sha ruwa sai ta zauna a kansu. Mai zuwa neman tsofaffin turakun safiyo ya tafi da ɗan gari, kada ya bi ciyawa shi kaɗai.

Malam Safiyo:
Gaskiyar Ngo. In an sami turken, a share kansa a hankali, lambar na bisa simintin. A ɗauki hotonta, a ɗauki ma'aunin wurin da waya, amma kada a ɗora ma'aunin waya kai tsaye a kan tsohuwar taswira. Tsofaffin da tsarin auna ƙasa na da, wanda ake kira ma'aunin Minna, aka yi su, waya kuwa da na tauraron ɗan'adam take aiki, tsakaninsu akwai gocewar da ta kai gomman mitoci, wadda ta isa ta jefa ka filin wani kamfani. A sauya ma'aunin tukuna. Lambar turken ita za ta kai ka ga zanen filin, zanen ya kai ka ga fayil.

Ɗan Gangare, in da gaske za a yi aikin, a raba shi. Masu zuwa Kaduna su fara da rahotannin harajin gundumar Ropp da fayilolin Bauchi na kafin 1926. Na Jos su leƙa ɗakin karatu na gidan tarihi da ofishin safiyo na jiha. Alhaji kuma tunda kasuwa yake karewa, shi za a ba tambayar dattawan 'yan kasuwa wace rana take ci a da, kuma a wane fili.

Alhaji Mai Dankali:
Na karɓa. Amma Malama ta turo min tambayoyin a rubuce, kada in dawo ta ce ni na sa musu amsa a baki.